Bayit 512 Da Ke Tayar Da Kwamfuta Daga Barci

A wannan wata za mu leƙa cikin cikin kwamfuta, mu ga abin da ke faruwa a ɗan lokacin nan da ke tsakanin danna maɓallin wuta da fitowar hoto a gilashi.

Dalili kuwa shi ne, yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu da makarantunmu a Nima da Mamobi na gwanjo ne, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan Turawa sun gama cin moriyarsu. Wata rana mutum ya kunna, sai ta tsaya cik, gilashi baƙi ƙirin, da ɗan layin Turanci mai cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Sai a saɓa ta a kai wa masu gyara a Circle. Wasunsu sun san aikinsu, Allah ya saka musu da alheri. Wasu kuwa magani ɗaya suka iya, wato a wanke faifai tas a zuba sabuwar Windows. Hotunan biki da na suna, da lissafin shago, da sakamakon jarrabawar yara, duk sun tafi. Alhali a wasu lokuta abin da ya lalace bai wuce bayit 512 ba.

Bayit ɗaya wurin harafi ɗaya ne. Ke nan 512 bai fi saƙon tes uku da ɗoriya ba, tunda kowane saƙo haruffa 160 yake ɗauka. Wannan ɗan fili shi ne sashe na farko a kan faifai, ana ce masa sashen tayarwa. Idan aka kunna kwamfuta, kanta fayau yake, ba ta san Windows ba balle Word. Abin da ta sani kawai shi ne wani ɗan shiri da aka dasa mata tun daga masana'anta, sunansa BIOS. Shi ne zai duba lafiyar kayan ciki, sannan ya ɗauko sashen nan na farko ya duba ƙarshensa. Idan bayit biyu na ƙarshe su ne 55 da AA, a irin ƙidayar masu kwamfuta, to hatimi ya cika. Sai ya ajiye sashen a ƙwaƙwalwa a gida mai lamba 7C00, wato 31,744 a ƙidayarmu, ya miƙa masa ragama.

Wannan lamba kamfanin IBM ne ya tsayar da ita a 1981, lokacin da ya fito da kwamfutarsa ta PC. A wancan zamani ƙwaƙwalwa mai gidaje 32,768 ta isa a yi aiki, sai suka ware 1,024 na ƙarshe domin tayarwa. Ƙwaƙwalwa ta ninka sau dubbai tun daga nan, amma lambar ba ta motsa ba. Daga 1983 kuma aka yanke wa babban faifai bayit 64 daga cikin 512 ɗin domin jadawalin da ke nuna yadda aka kasa shi. A cire biyu na hatimi, saura 446 kacal na umarni. Idan jadawalin nan ya goge, kayan mutum suna nan daram a kan faifai, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace. Akwai manhaja ta kyauta mai suna TestDisk da ke lalubo ta. Saboda haka kafin ka yarda a wanke maka faifai, tambayi mai gyara ko ya gwada wannan.

To, yaya ake rubuta abin da ke cikin sashen? Ma'aikata uku ne ke yin aikin, kowa da nasa.

Na farko kwamfaila, mu ce masa tafinta. Mutum zai rubuta abin da yake so da harshen C, wanda ɗalibi zai iya karantawa, tafinta ya juya shi zuwa ƙananan umarni irin su ɗauki wannan, ajiye can, ƙara ɗaya. Na biyu asembila, shi ne magatakarda, yana mayar da kowane umarni lambobin da injin ke ganewa. Amma duk inda aka ambaci wani wuri a ƙwaƙwalwa sai ya bar gurbi, don bai san inda za a sauke shirin ba.

Na uku linka, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Shi ne ke haɗa guntayen wuri ɗaya ya cike guraben da adireshi. Mu mutanen Nima mun fi kowa sanin darajar wannan aiki. Kafin a kawo GhanaPostGPS a 2017, har ma bayan an kawo, kwatance muke yi: bayan masallaci, ka ƙetare gota, ka tambayi mai wake da shinkafa. Mutum yana iya tambaya a hanya, inji kuwa ba ya tambaya. Idan ba a gaya wa linka cewa a 7C00 za a sauka ba, zai yi lissafi daga wani wuri dabam, shirin ya je neman saƙonsa a gidan da ba nasa ba, ya zubo shirme a gilashi ko ya yi shiru. Bugu da ƙari, linka ya saba ɗora wa kowane shiri wani bayani a ka domin amfanin Windows ko Linux. A nan babu mai karanta wannan bayani, dole a ce masa ya fito da tsuran umarni.

Shi ma tafinta yana da nasa hali. Ya saba aiki a gidan da aka riga aka share, inda akwai mai buga rubutu a gilashi da mai buɗe fayil. A lokacin tayarwa babu ko ɗaya. Mai son harafi ya fito sai ya roƙi BIOS da kansa, harafi bayan harafi. Kuma injin yakan farka ne da halin kakansa Intel 8086 na 1978, mai aiki da bit 16, alhali GCC, tafintan kyauta da Richard Stallman ya fitar a 1987, ya fi sabawa da 32 da 64. Ana iya tilasta masa, amma umarnin sai su yi ƙiba, fili kuwa ba ya ƙaruwa. Shi ya sa gwanaye ke rubuta sashen farko kai tsaye da harshen magatakarda, su ba shi aiki ɗaya tak: ya ɗauko babban shiri daga gaba. Haka GRUB na Linux yake yi.

A nan ne kuma ɓarna ta fara samun ƙofa. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, ƙwayar cutar kwamfuta da ke ɓuya a sashen tayarwa na ƙaramin faifai, ta bi hannu zuwa hannu har Amurka.

Sababbin kwamfutoci sun koma wani tsari mai suna UEFI, wanda ke karanta fayil sosai maimakon sashen farko, kuma Windows 11 ta 2021 ba ta yarda da tsohon tsari. Amma gwanjon da ke hannunmu da yawa suna jin tsohon yare, kuma a ganinmu wannan dama ce ga malamai.

Mun tuna Malam Richard Appiah Akoto na Sekyedumase a yankin Asante, wanda a 2018 duniya ta ga hotonsa yana zana Word da alli a kan allo don makarantarsa ba ta da kwamfuta. Ya yi ƙoƙari ƙwarai. Sai dai abin ya nuna inda hankalin manhajar karatunmu ya karkata a lokacin, wato yaro ya haddace inda ake dannawa. A Nima kuwa ƙungiyar Achievers Ghana da shirin Tech Needs Girls na Regina Honu sun nuna cewa 'yan matan zango suna iya rubuta shiri da hannunsu idan an koya musu. Yarinyar da ta iya wannan za ta iya sa tsohuwar kwamfuta, wadda ko Windows babu a kanta, ta farka ta rubuta "Sannu da zuwa" da layuka kamar ashirin. A darasi ɗaya ta ga tafinta da magatakarda da mai adireshi, kowa a bakin aikinsa.

Kayan aikin duk kyauta ne: GCC da NASM da linkan GNU. Gargaɗi ɗaya ga malamin da zai gwada: kada a zuba gwaji a kan faifan makaranta, domin bayit 512 ɗin za su hau kan jadawalin da muka ambata su shafe shi. A yi amfani da QEMU, wadda ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, ko a sami tsohon filas wanda babu komai a kansa, a kuma duba sunan faifan sau biyu kafin a danna.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.