Wasan Yara A Kunci Da Abin Da Ke Cikin Wayoyinmu



A kakar da ta wuce na je Kunci ta'aziyyar wani dattijo, aminin mahaifina. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, sai na hangi yara kamar bakwai a bakin wata gona da aka girbe. Kowannensu ya rataya karan dawa a kafaɗa a matsayin bindiga. Sun durƙusar da ƙaraminsu, sun ɗaure masa idanu da tsumma, babbansu kuwa ya kara ɓallin ƙwarya a kunne yana ta ciniki da wani uban da babu shi, yana faɗin miliyoyin da za a kawo kafin gobe. Da ciniki ya ƙi, sai ya ba da umarni, aka harbe yaron da baki, ya faɗi, suka bushe da dariya. Na tambayi wani saurayi da ke kusa da ni inda suka koyi wannan. Ya ce, "Ai Malam, a waya suke gani."

Tashin hankali a majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. An buɗe sinimar Rex a 1937, kuma lokacin da aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 malamai sun yi ta suka, har aka daɗe ana ganin mai zuwa sinima a matsayin ɗan iska. Waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1970 suna tune da Bruce Lee da fina-finan Canis, da yadda yara ke fitowa daga kallo suna ta kai wa juna ƙafa a kan hanya. Amma sinima tana da ƙofa, tana da kuɗin shiga, tana da lokaci, kuma tana birni. Yaron Kunci na wancan zamani yana iya girma har ya yi aure bai taɓa shiga cikinta ba. Yau kuwa a ƙauyuka da yawa akwai shagon cajin waya, inda da 'yan kuɗi kaɗan za a cika wa mutum katin wayarsa da fina-finai, ba a tambayi shekarunsa ba.

Wani zai ce ai mu ma mun tashi muna kallon dambe da kokawa, ba mu zama 'yan ta'adda ba. Haka ne. Sai dai dambe yana da fage, yana da lokacinsa bayan amfanin gona ya zo gida, yana da manya masu rabawa. Yaro yana ganin jinin da ya zuba na gaske ne, yana ganin wanda aka kayar an ɗaga shi an ba shi ruwa, gobe kuma ya gan shi a kasuwa da kumburarren ido. Watau yana ganin duka tare da sakamakonsa. A fim kuwa jarumi zai kashe mutum ashirin, a bi shi da kiɗa, ya auri yarinya, ba a nuna marayu ba, ba a nuna zaman makoki ba.

Masana a ƙasashen Turawa sun daɗe suna auna wannan al'amari. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya sa ƙananan yara sun kalli wani babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba. Da aka bar su da ita, sai suka yi mata irin dukan da suka gani. A 1963 ya sake gwajin da fim, ya tarar yaran da suka gani a majigi su ma sun kwaikwaya. Wani masanin, Rowell Huesmann, shi da abokan aikinsa sun fara bin waɗansu yara a yankin Cikago a 1977, suka koma wa 329 daga cikinsu bayan shekara 15. Sakamakon da suka buga a 2003 ya nuna mazan da suka fi kallon tashin hankali suna yara sun fi sauran yawan ture matansu da bangaje su, sun kuma fi yawan samun hukuncin kotu. Abin ya fi tsanani ga yaron da ya ɗauki mai dukan a matsayin gwaninsa, kuma ya yarda cewa haka duniya take. Gaskiya ne masanan suna da saɓani a kan girman tasirin, kuma ba wanda ya ce kallo kaɗai ke yin ɗan daba. Talauci, da ƙwaya, da 'yan siyasa masu raba makami da kuɗi, duk suna da kasonsu a dabar Kano. Amma kason kallo shi ne wanda yake hannun mai gida.

Hukuma ta yi nata. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2021 ta hana nuna garkuwa da mutane, da shaye-shaye, da ƙwacen waya a fina-finan Hausa. Madalla. Sai dai abin da yaran Kunci suka kwaikwaya bai bi ta gaban wata hukuma ba, domin ba ɗan wasa ne ya yi shi ba. Hotunan gaske ne: 'yan bindiga a daji suna nuna waɗanda suka kama, gawarwaki a jere bayan an kai hari, ɓarawon da jama'a suka tare suna duka har ya daina motsi. Wa yake yaɗa su? Mu ne. Alhaji a rumfarsa ta Kantin Kwari, da ma'aikaci a teburinsa na sakatariya, su ne ke tura su a WhatsApp daga zauren 'yan kasuwa zuwa zauren dangi, a rubuta "Innalillahi" a ƙasa, a ga kamar an yi aikin lada. Da dare kuma a miƙa wa yaro wayar don ya yi shiru.

Addininmu bai bar wannan wuri babu magana ba. A aya ta 83 ta Suratun Nisa'i Allah Maɗaukaki ya zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, maimakon su mayar da shi ga waɗanda ke da ikon tantance shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wulaƙanta gawa ko da ta abokin gaba ce a fagen fama. Musulmi yana suturta mamacinsa, mai wanka ma ana so ya rufe abin da ya gani. To, ina hujjar wanda ya ɗauki tsiraicin mamaci ya raba wa mutum ɗari biyu, alhali uwar mamacin tana raye, wataƙila ma hoton ya iso wayarta? Kuma ɗan ta'adda don a ji tsoronsa ya ɗauki hoton tun farko. Wanda ya tura ya yi masa dako kyauta.

Akwai ruwayar da ta zo a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar ya iske waɗansu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa. Da suka gan shi sai suka watse, shi kuwa ya sanar da cewa Annabi ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Tsuntsu ne fa, kuma wasa suke yi. Sahabin bai ce ƙuruciya ce ba, domin ya san a wasa zuciya take koyon ƙeƙashewa. Ni ma da na ga yaran nan, dariyar da suka yi bayan ƙaramin ya faɗi ta fi karan dawan tayar mini da hankali.

Babba ma bai tsira ba. Bayan harin bam na gasar gudu a Boston a 2013, masu bincike na Jami'ar Kalifoniya sun gano cewa mutanen da suka yi awa 6 ko fiye a kullum suna bin labarin da hotunansa sun fi waɗanda abin ya faru a gabansu firgita. Idan haka ne ga magidanci, ina ga ɗan shekara 7 da aka bar shi da hoton yanka, sa'an nan aka kashe fitila aka ce ya yi barci?

Kafin in bar Kunci na roƙi limamin unguwar ya taɓa maganar a wa'azinsa, kuma ya yi wa mai shagon caji magana a asirce, gama shi ma ɗan mutane ne, neman abinci yake yi. Limamin ya amsa, amma ya ce in fara duba tawa wayar. A mota na duba, na tarar da irin waɗannan hotuna guda 14 da suka sauka da kansu daga zaurukan da nake ciki, biyu daga cikinsu ni na tura wa wani. Na goge su, na kuma rufe wurin da ke sa hotuna su riƙa sauka ba da izinina ba.