Daga Aliero Zuwa Yawuri: Hanyar Da Muke Bi Ido Rufe

Wannan mako zan jingine zancen siyasa da tsadar taki, in ja hankalinmu ga wata hanya da kusan kowane ɗan Jega da Aliero da Maiyama ya bi sau ba adadi, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka ƙare mata kallo. Ita ce babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega da Maiyama da Koko, ta gangara har bakin Kwara a Yelwan Yawuri. Sai dai kafin mu hau ta, ina roƙon mai karatu ya biyo ni wata ƙasa mai nisa, domin wani lokaci sai mutum ya leƙa gidan wani yake gane abin da ke cikin nasa.

Ƙasar ita ce Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila. Gaɓarta ta yamma, wadda ke fuskantar Tekun Atlantika, ta daɗe da yin suna wajen talauci. Ƙasa ce mai duwatsu da iska da yawan ruwan sama, gonakinta ƙanana, an kewaye su da katangun dutse da manoma suka tsince daga cikin gonakin da hannu. A can ne babbar yunwar 1845 zuwa 1852 ta fi yin ɓarna, lokacin da cuta ta cinye dankalin da talakawa suka dogara da shi, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura. Tun daga nan samarin yankin suka mayar da tafiya Amurka da Ingila tamkar gado, kamar yadda namu ke tafiya cirani Legas da Fatakwal da zarar an kawar da amfanin gona.

A 2014, bayan karyewar tattalin arzikin da ta same su a 2008, hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, Fáilte Ireland, ta ƙaddamar da abin da ta kira Wild Atlantic Way. Hanya ce mai tsawon kimanin kilomita 2,500, daga Donegal a arewa zuwa garin Kinsale a kudu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba su shimfiɗa sabuwar kwalta ba. Tsofaffin hanyoyin karkara ne, waɗanda manoma da masunta ke bi tun kaka da kakanni, aka haɗa su, aka raɗa musu suna guda, aka kafa dubban alluna masu alama iri ɗaya, aka ware wurare sama da 150 inda matafiyi zai faka mota ya tsaya ya yi kallo, ya karanta tarihin wurin a rubuce. Kuɗin da aka zuba a farkon aikin kimanin Yuro miliyan 10 ne, abin da bai kai kuɗin gina wata gadar sama guda a manyan biranenmu ba.

Wanda ya hau wannan hanya a yau zai bi ta gefen tsaunukan Moher, inda dutse ya miƙe mita 214 daga saman teku, ya ratsa ƙauyukan da har yanzu ake magana da tsohon harshen ƙasar, ya ci kifi a hannun matar masunci, ya kwana a ɗakin da manomi ya gyara a bayan gidansa. Tekun yana nan yadda yake, duwatsun ma haka. Abin da ya sauya shi ne an ba baƙo dalilin tsayawa, kuma duk inda baƙo ya tsaya sai ya buɗe aljihu.

To, mu dawo gida. Ka tashi daga Aliero da sanyin safiya a ƙarshen hunturu, ka ga gonakin albasa kore shar a tsakiyar rani, da buhuna jere a bakin titi ana lodi zuwa Kudu. Garin nan biyu ya shahara da su tun kafin a kafa masa jami'a a 2006: albasa da ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ake kawo masu karaya. Ka ƙaraso Jega ka hau gadar Gulbin Zamfara, ka dubi fadama hagu da dama, shinkafa ta kwanta iyakar ganinka, balbelu na bin shanu, masunta na jan koma. Ka wuce Maiyama, ƙasa ta fara sauya launi, itatuwa su ƙara kauri, ka tsallaka Gulbin Ka, ka bar Koko a baya. Idan Allah Ya kai ka Yelwa da la'asar sakaliya, ka tsaya bakin Kwara ka ga yadda rana ke faɗawa bayan gungu, jiragen Gungawa da na Sarkawa na dawowa gida ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ban gaji da wannan kallo ba, kuma ban yarda cewa sai ruwan gishiri ne kaɗai ke da gaɓar da ta cancanci a yi tattaki dominta ba.

Wannan kallon ido ke nan. Abin da ke kwance ƙarƙashinsa ya fi shi nauyi. Nan kusa da mu Gimbana take, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa. Harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai wa garin a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Jega kanta ɗansa Buhari ne ya kafa ta wajen 1820, ta kuma bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, mahaɗar fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro. A ɗaya ƙarshen hanyar, Yawuri ta karɓi baƙuncin Turawan nan 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, a 1830, suna neman inda Kwara ta nufa da kuma labarin Mungo Park da ya halaka a Busa a 1806. Tsohuwar Busa ɗin ma yanzu tana ƙarƙashin ruwa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aikin da ya tashi mutum sama da 40,000 daga matsugunansu.

Ina tambaya: a duk tsawon wannan hanya, allo nawa ne ke gaya wa matafiyi ko da ɗaya daga cikin waɗannan? Allunan da muke gani na 'yan takara ne da na masu maganin basir. Mu nan Jandutsi, yaro zai gama sakandare ya haddace kogunan Turai don cin jarrabawa, amma ka tambaye shi ina gulbin da ya ratsa Jega ya taso, ina kuma ya zuba, sai ya sunkuyar da kai. Laifin ba nasa ba ne. Abin da babba bai nuna wa yaro da yatsa ba, yaro ba ya sanin darajarsa, kuma abin da ba a san darajarsa ba, ranar da za a sare shi ko a sayar da shi babu mai ɗaga murya.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce malam, mai jin yunwa ba ya kallon faɗuwar rana. Zai tuna mini cewa a ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai. Zai tuna mini jirgin ruwan da ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a ranar 26 ga Mayun 2021, maƙare da 'yan kasuwa, mata da yara, aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Zai ce wane baƙo ne zai bar gidansa ya zo yawon shan iska a inda masu wurin ma ke tafiya da addu'a a baki?

Amsata ita ce, wannan hujja tasa ita ce tawa. Duk abin da baƙo ke bukata kafin ya zo, shi ne abin da ɗan gida ya daɗe yana roƙo: titi marar ramuka, tsaro dare da rana, jirgin da ba a yi masa lodin wuce kima ba, rigar ruwa ga kowane fasinja, a tumɓuke kututturan da ke ɓoye ƙarƙashin tafkin Kainji suna fasa jirage, a samu wurin alwala da makewayi mai tsabta a tasha. Mutanen Ailan sun iya sayar da gaɓarsu ne saboda tsohuwa na iya tuƙa motarta a kanta ita kaɗai ba tare da fargaba ba. Idan aka gyara hanyar Jega zuwa Yawuri domin mai albasa da mai kifi, an gyara ta domin baƙo. Ko da baƙon bai zo ba, ba mu yi asara ba.

Kuma baƙon da nake nufi ba sai Bature ba. Ɗan kasuwar Kano ne da iyalinsa a hutun Sallah, da ɗalibin tarihi daga Zariya, da ma'aikacin Birnin Kebbi da bai taɓa ganin Kwara ba sai a talabijin, da ɗaruruwan motocin da ke ratsa mu kullum tsakanin Sakkwato da Kontagora ba sa tsayawa sai shan mai. Jiharmu ta riga ta san daɗin baƙi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Yawuri na da Rigata. Amma biki kwanaki kaɗan ne, ana watsewa mai tuwo ta kife tukunyarta sai baɗi, in ma an yi baɗin. Hanya kuwa ba ta hutu. Ita ce ke iya ciyar da mai gasa kifi a Yelwa da mai fura a Maiyama wata goma sha biyu.

Abin da nake ba da shawara bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, ƙananan hukumomin Aliero da Jega da Maiyama su haɗa kai da masarautar Gwandu da malaman tarihi na jami'o'inmu, a tantance wurare ko da goma ne, a kafa musu alluna da Hausar boko da ajami da Turanci. Na biyu, a ware fili kusa da gadar Jega inda mota za ta iya fakawa lafiya, da rumfuna da masallaci da ruwa, a ba mutanen wurin su riƙe. Na uku, kowace makarantar sakandare a yankin ta fitar da ɗalibanta sau ɗaya a shekara su ga Gimbana da fadama da hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu. Na huɗu, a je wa tsofaffin masunta da fatake da na'urar ɗaukar murya tun suna raye, domin kowace shekara muna binne wani littafin da ba a rubuta ba. Na biyar, wakilanmu a Abuja su matsa wa ma'aikatar ayyuka da hukumar kula da hanyoyin ruwa lamba a kan titin da jiragen, su riƙa gaya mana inda aka kwana.

Akwai kuma darasin taka-tsantsan daga can Ailan ɗin. A wasu wuraren, manyan motocin baƙi sun cushe ƙananan hanyoyi, wasunsu su sauke mutane su yi hoto su koma birni ba su sayi ko ruwan sha a ƙauyen ba, gidajen haya kuma suka yi wa 'yan gari tsada saboda an mayar da su masaukin baƙi. Don haka tun daga tushe a tabbatar rumfa ta ɗan gari ce, jirgi na ɗan gari ne, mai yi wa baƙo jagora ɗan gari ne, kuma baƙo ya san akwai al'ada da addini da zai girmama. Kada a yi tusa a hura wuta, mu share fili wani ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa.

Allah Ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, mu yi tunani. Mu kuwa tafiyar muke yi, dubawar ce muka bari. Duk wanda hanya ta bi da shi ta gadar Jega a wannan mako, ya roƙi direba ya sassauta, ya nuna wa yaron da ke kusa da shi gulbin, ya gaya masa sunansa. Daga nan ake farawa.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu na tudu da na ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kansu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.