Cin Rani Ba Tare da Barin Gida Ba

Cin rani daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Gobir. Da zarar an kawar da amfanin gona, sai samarin Kamarawa da Isa da Sabon Birni su ɗaure kaya su nufi Kano ko Ibadan ko Legas, ba sa komowa sai ruwa ya sauka. Zamani kuwa ya zo da sabon salo. Mai ilimin kwamfuta yana iya zama a ɗakinsa ya rubuta manhaja, ya aika wa kamfanin da ke Legas ko Ingila ta intanet, a biya shi ta asusunsa na banki. Wannan shi ake kira aiki daga nesa.

Salon ya bunƙasa a 2020, lokacin da annobar Korona ta tilasta rufe ofisoshi. A wannan shekara ce kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da masu rubuta manhaja, ya mayar da ma'aikatansa aiki daga gida. A 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasahar zamani.

Ganin haka ne ya sa wasu ke cewa yanzu ɗan ƙauye da ɗan birni sun zama ɗaya. Wannan magana akwai gyara a cikinta. Aiki daga nesa murhu ne mai duwatsu uku: wutar lantarki da sadarwa da zaman lafiya. In aka janye ɗaya, tukunya ta kife. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda ta'asar 'yan bindiga. Wanda abincinsa ke kan intanet, ranar nan kasuwarsa ta tashi, domin kamfanin da ke jiran aiki ba ya sauraren uzuri. Saboda haka wajibi ne hukuma ta ɗauki layin sadarwa tamkar hanyar mota, wadda ba a toshe ta sai an tanadi mafita.

Duk da haka, ko an kafa duwatsun nan, sai da abin dafawa, wato ilimi. A nan ne nauyi ya hau kan malami. Yaron da ya bar firamare bai iya karatu da lissafi ba, ba zai rubuta manhaja ba, ko da an ba shi kwamfuta kyauta. Malamin Hausa ma yana da kaso. Tun a 2013 Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara, kuma ire-iren waɗannan manhajoji suna buƙatar masu fassara da masu tace rubutu. Ɗalibin da ya ƙware a ƙa'idojin rubutu, ya san bambancin "kafa" da "ƙafa", ya kuma laƙanci Ingilishi, yana da hajar da za a nema daga nesa.

Don haka, ɗalibin kwalejin ilimi da za a tura Kamarawa ya sani cewa daga allonsa wannan aiki yake farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.