Yaro da fiyano a zangonmu

Ran Asabar wani maƙwabcina a nan Kambole ya kira ni in saurari ɗansa mai shekara 11. Kawunsa ne ya kawo masa ƙaramar fiyano daga Sokode, mai maɓallai 61 (babbar tana da 88). Ba wanda ya koya masa, kunnensa ne kawai da wayar yayarsa. Uban ya ce, "Malam, gaya masa gaskiya, mu ba maroƙa ba ne."

Yaro ya kaɗa "Für Elise", wanda Beethoven ya rubuta a 1810, ba a buga shi ba sai 1867, shekara 40 bayan rasuwarsa. Wallahi farkon ya fita sumul. Amma da ya iso inda hannun hagu ke maimaita sauti ɗaya, sai ya rikice, ya koma farko a guje kamar an biyo shi. Yatsu uku kawai ke aiki, babban da ƙaramin suna hutu.

Na ce masa ya rage sauri, kowane hannu ya ƙware shi kaɗai kafin a haɗa su, yana ƙidaya ɗaya, biyu, uku da baki. Ya kuma koyi karanta rubutun kiɗa, don kunne ya kai shi iyakarsa.

Uban kuwa na ce, "Alhaji, yaron da ya yi wata shida kan abu guda ba bulala, ba ni da biyu irinsa a ajina." Muka shirya: bayan allo da aikin makaranta, rabin awa. Zan koma bayan Salla.