Kafin A Kai Iyali Gidan Zu, A Ƙirga Kawuna

Jama'a, na ga wata al'ada ta yaɗu a ƙasarmu, daga Kazaure da Roni har Gwiwa da Babura. Da an sauko daga Idi, an kalli hawan Sarki, sai yara su tasa maigida gaba, lalle sai an kai su Kano su ga zaki da jimina, su hau lilo. Ni dai ban ga aibun wannan ba. Gidan Zu na Kano tun zamanin Gwamna Audu Bako aka kafa shi, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, sa'ad da mu ma muna cikinta, kafin a yanke Jigawa a 1991. Saboda haka ba baƙon wuri ba ne gare mu. Abin da nake ƙi shi ne a tashi ba lissafi.

Kuskuren da akan yi, maigida ya tambayi kuɗin shiga kaɗai, ya ji ba yawa, ya ce a shirya. Alhali kuwa kuɗin ƙofa shi ne ƙaramin cikinsu. Mu ɗauki mai mata biyu da 'ya'ya tara, watau kai goma sha biyu har da shi. Ko an ɗora ƙanana uku a cinya, kujera tara zai biya zuwa, tara komowa. Mutumin Gwiwa ko Roni ma sai ya fara biyan wadda za ta fito da shi babbar hanya tukuna. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, kowa ya san yadda kuɗin mota ya zama, balle ranar Salla da fasinja suka fi kujeru. An sauka tasha, Adaidaita Sahu ɗaya ba ta kwashe su, sai biyu ko uku. A ciki kuma kowane lilo da kuɗinsa, ga mai hoto, ga mai alewa, ga ƙishirwa. Yaro bai san aljihu ba, ganin ido ya sani.

Wani abin lura kuma, Salla tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2025 Babbar Salla ta faɗo farkon watan Yuni, daidai sa'ad da manomi ke neman iri da taki, bayan rago ya riga ya ci nasa. Wanda ya sayar da buhun gero a irin wannan lokaci don yawon yini ɗaya, zai saye shi da tsada a tsakiyar damina. Wanda ya ci bashi kuwa, ya fi shi wahala.

Shawarata, a ware kuɗin tun da kaka, ko a zuba a asusu kaɗan kaɗan, kuma a shawarci uwargida, domin mata sun fi mu iya adashi, ko da yake ba mu son a faɗa. A dafa abinci daga gida, a ɗauki ruwa. Tun a zaure a gaya wa kowane yaro lilo nawa zai hau. Kuɗin komowa a ƙulle shi dabam a ba wani babba, kada a taɓa ko an yi kuka. In da hali a bari sai Salla ta wuce da mako guda, mota ta yi sauƙi, turmutsutsin da yara ke ɓacewa a ciki ya ragu.

In kuwa shekara ta ƙi, kada maigida ya ji kunyar cewa bana babu. Ga duwatsun Kazaure, ga bakin dam, a kai su da la'asar da gyaɗa da rake, babba yana tsaye kansu saboda ruwa.