Kiɗan da Ba Shi da Mujalla

Unguwar Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, ita ce cibiyar kasuwancin birnin Bangui, kuma matattarar Musulmin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Hausawa na cikin waɗanda fatauci ya kai su can, suka zauna, suka hayayyafa. A rikicin da ya tsananta daga Disamba 2013 zuwa cikin 2014, dubban Musulmin birnin sun tsere zuwa Chadi da Kamaru, aka wawashe shaguna, aka rushe gidaje. Mai gudun ceton rai ba ya waiwayar kwalin kaset. In har a wani shago akwai kaset ɗin wani makaɗin kalangu da ya wasa wani attajirin unguwar a bikin 'yarsa, to waƙar ta tafi, kuma ba wanda zai san ta tafi, tunda ba a taɓa rubuta sunanta a takarda ba.

Kiɗan Hausa na baka yana bukatar mujallarsa ta kansa, ƙarama, mai fitowa a kai a kai, wadda masu sha'awa ne za su riƙa cika ta. Tarihin wani kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka ya isa hujja.

Ragtaim kiɗan fiyano ne da ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1890 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hannun hagu yana riƙe da bugu daidai wa daida, na dama kuwa yana saɓa masa da gangan, ya riga shi ko ya jinkirta. Duk wanda ya saurari yadda uban kiɗi ke wasa a kan bugun 'yan kanzagi zai gane dabarar. Gwanin fagen shi ne Scott Joplin, wanda John Stark ya buga masa Maple Leaf Rag a garin Sedalia na jihar Mizuri a 1899. Da jaz ya shigo, sai aka juya wa ragtaim baya. Joplin ya rasu a New York a 1917, aka binne shi a kabarin da ko alama babu.

Shekara talatin da 'yan kai bayan haka, a 1950, Rudi Blesh da Harriet Janis suka fitar da littafin They All Played Ragtime, bayan sun bi tsofaffin makaɗan da suka rage sun ji ta bakinsu. Sai ƙananan mujallu suka ɗora. Ƙungiyar masu sha'awar ragtaim ta Kanada, wadda aka kafa a 1962, ta riƙa fitar da The Ragtimer. Ƙungiyar Maple Leaf ta Los Angeles ta soma The Rag Times a 1967. Leslie Johnson ta kafa The Mississippi Rag a Minneapolis a 1973. Ba su da wani ado. Jerin fayafayai ne, da sanarwar taro, da wasiƙun masu karatu, wannan ya gyara wa wancan shekara, wani ya ba da labarin tsohuwar takardar kiɗa da ya tsinta a kasuwar gwanjo. Saboda haka a lokacin da Joshua Rifkin ya fitar da faifan kaɗe-kaɗen Joplin a 1970, fim ɗin The Sting kuma ya kai su kunnen duniya a 1973, akwai mutanen da suka riga suka san wa ya tsara me, a ina, kuma yaushe. A 1976 aka ba Joplin lambar Pulitzer, shekara hamsin da tara bayan rasuwarsa.

Akwai bambanci babba a nan, kuma bai sassauta wa Hausa ba. Ragtaim rubutacce ne. Ko makaɗi ya mutu, takardar na nan, wani zai zauna gaban fiyano ya tayar da ita. Waƙar baka kuwa ba ta da matani guda. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan rera waƙa ɗaya a wurare dabam-dabam, kowane karo da sababbin ɗiya da sababbin sunaye, gwargwadon wanda ke zaune a gabansa. Kaset ɗin da ba a san ranarsa da wurinsa ba rabin shaida ne. Wanda zai iya cewa wane ne aka ambata a ɗa kaza, da dalilin zambon da aka yi masa, tsoho ne, kuma tsofaffi ba sa jira.

Ba a ce masana sun yi barci ba. David Ames da Anthony King sun buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa tun 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a Makaɗa da Mawaƙan Hausa da Diwanin Waƙoƙin Baka. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Ga kuma kundayen digiri jibge a Kano da Zariya da Sakkwato a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge. Sai dai littafi sau ɗaya yake fita, ba ya karɓar gyara sai an sake bugu. Mujallar jami'a irin Harsunan Nijeriya kuwa malamai ke rubuta wa malamai. Mai sayar da kaset a Kantin Kwari, wanda ya fi dalibai da yawa sanin muryoyin 'yan amshin Ɗanƙwairo, ba shi da shafi a cikinta. Abin lura, harkar fim ta samu mujallar Fim tun 1999, alhali kiɗan da ya girme ta da ƙarnoni yana raɓe a gefen shafukan wasu. Wataƙila tsohon kallon da ake yi wa roƙo yana da hannu a ciki.

Wani zai ce intanet ta riga ta ɗauke wannan nauyi, tunda waƙoƙin na yawo a YouTube da WhatsApp. Suna yawo, amma sau da yawa ba shekara, ba wuri, wani lokaci ma da sunan wani makaɗin dabam. Abin da mujalla ke bayarwa shi ne edita mai tambayar “a ina ka ji?”, da lambar fitowa da za a iya komawa gare ta. Ko a takarda aka buga ko a waya aka aika, wannan ba shi ne abin damuwa ba.

A nan ne Bangui ta sake shigowa. Ƙasar ba baƙuwar masu nazarin kiɗa ba ce: Simha Arom ya isa can a 1963, ya shafe shekaru yana naɗar waƙoƙin Aka, waɗanda UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam a 2003. Kunnen bincike ya fi karkata ga daji bisa ga kasuwa, kuma Bahaushen zango yakan faɗa tsakanin kujeru biyu: masanin can yana ganinsa baƙo, masanin Kano yana ganinsa nesa. Ɗalibin Hausa da ke da ɗan'uwa a PK5, ko a Garwa, ko a Njamena, yana iya aika tambaya huɗu ta waya: wa ke kiɗa a bukukuwan unguwar kafin rikici, da wane abin kiɗa, wa yake yi wa waƙa, kuma yana ina yanzu. Amsar dattijo uku ta isa cika fitowa ta farko.