Gaskiya Ta Fi Kwabo, Amma Wa Ke Biyan Kwabon?

A wannan mako za mu waiwayi uwar jaridun Hausa, saboda tarihinta ya shafi labaran da muke karantawa a wayoyinmu yau.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Malam Abubakar Imam ne editanta na farko, Dokta Rupert East kuma shi ke kula da ofishin. Kwabo ɗaya ake sayar da ita. Turawan mulki ba don Allah suka kafa ta ba. Yaƙin duniya na biyu na ƙaratowa, jita-jita ta cika gari cewa za a miƙa ƙasar ga Jamusawa, don haka suna buƙatar bakin da zai yi wa talaka magana da harshensa.

Duk da haka jaridar ta yi mana rana. Ta daidaita rubutun boko, ta sa mutane sha'awar karatu, kuma shafin wasiƙunta ya ba malaman makaranta da ma'aikatan En'e damar faɗin abin da ke damunsu. Amma tana da iyakar da ba ta tsallakewa. Da siyasa ta kankama, Imam kansa yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC. 'Yan NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, suka riƙa kallon Gaskiya a matsayin jaridar gwamnati da sarakuna. Ba su yi ƙarya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ke zaɓar inda za a liƙe.

A Kano ma haka abin ya kasance. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a 1980, aka samu Albishir da boko da Alfijir da ajami. Sun kai labari ga dattawan da ba su yi boko ba, wannan abin yabo ne. Sai dai duk gwamnatin da ta hau, muryar jaridun sai ta koma tata, ranar da ta daina ba da kuɗi kuma su yi shiru. Ita ma Gaskiya haka ta kwanta tare da New Nigerian.

Yau ba ma ba da ko kwabo, labari kyauta yake zuwa mana ta Facebook da WhatsApp. To wa ke biya? Mu mutanen Madachi mun ga amsar da idonmu. Lokacin da aka ƙirƙiro masarautar Rano a 2019, da lokacin da aka rushe ta a 2024, kowane shafi ya ba da labarin daidai da ɓangaren da ke ciyar da shi. Maganar garuruwanmu ake yi, amma da wuya ka ga an tambayi manomin Kibiya ko ɗan kasuwar Rano ra'ayinsa. Tsadar taki da hanyar da ruwa ya cinye kuwa ba mai biyan kuɗin buga su.

Ba muna cewa jarida kada ta ɗauki ɓangare ba. Ta ɗauka, amma ta faɗa mana inda ta tsaya da wanda ya mallake ta. Mu kuma akwai namu aikin. Kafin mu tura labari gaba, mu tambayi shafin waye. Wanda ke da hali ya sayi jaridar Hausa irin su Aminiya, ko sau ɗaya a wata. Marubutanmu kuma su rubuta halin da ƙauyukanmu ke ciki, da suna da hujja, kamar yadda masu wasiƙun Gaskiya suka yi.

Wanda ya taɓa ganin tsohuwar Gaskiya ko Alfijir a gidansu, ya ba mu labari a ƙasa. Allah Ya sa mu dace.